Ƴan gudun hijirar Beljiyam a Ailan a 1914: tausayi ne ko dabarar ɗaukar soja?

Malam Habu:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau ina so mu taɓa wani ɓangare na Yaƙin Duniya na Ɗaya da ba a cika kawo shi a aji ba. Ranar 4 ga Agusta 1914 sojan Jamus suka kutsa Beljiyam don su ratsa ta can su afka wa Faransa, alhali tun 1839 manyan ƙasashen Turai sun sa hannu a Landan cewa Beljiyam ƴar ba-ruwanmu ce, ba mai taɓa ta. Abin da ya biyo baya ba daɗin ji, a garin Dinant kaɗai an kashe farar hula 674, a Louvain an cinna wa gari wuta har da laburaren jami'a mai littattafai sama da 200,000, sannan a Oktoba birnin Antwerp ya faɗi, mutane suka watse kowa da ƙunshinsa a ka. Wajen miliyan ɗaya suka tsallaka Holan, kusan 250,000 suka shiga jirgin ruwa zuwa Birtaniya, daga cikinsu kuma sama da 2,000 aka ƙarasa da su tsibirin Ailan, wanda a lokacin gaba ɗayansa yana ƙarƙashin Turawan Ingila. A Oktoban 1914 aka kafa kwamiti a Dablin don karɓarsu, wata Misis Helen Fowle ce shugaba, aka yi ta tara kuɗi a coci-coci, masu gidaje suka ba da gidaje, makarantu suka ɗau yara. Tambayata ita ce, mutanen da su kansu ake mulka, talauci ya yi musu katutu, me ya sa suka buɗe ƙofa haka?

Kwamared Sani:
Wa alaikumus salam Malam. Ni amsata gajeriya ce, siyasa ce tsagwaronta. Ku duba kwanan wata kawai. 18 ga Satumba 1914 aka sa hannu a dokar da za ta ba Ailan majalisarta ta cikin gida amma aka ce a jingine sai an gama yaƙi, kwana biyu bayan haka John Redmond, jagoran ƴan kishin ƙasa a majalisar Landan, ya tsaya a Woodenbridge ya ce wa samarin Ailan su tafi duk inda fagen daga ya kai. To da me zai lallashi yaron da kakansa ya mutu da yunwa ƙarƙashin Ingila ya je ya mutu saboda Ingila? Ba zai ce ka je don Sarki ba, sai ya ce ka je don Beljiyam, ƙaramar ƙasa ce irin taka, Katolika ce irin ku. Har fosta suka buga, mace riƙe da bindiga tana nuna Beljiyam na cin wuta tana ce wa namiji za ka je ko ni in je. Ƴan gudun hijirar nan da aka riƙa saukewa a tashar jirgin ƙasa ana taruwa ana kallo, su ne fostar mai rai.

Anti Bilki (Dablin):
Kwamared ka yi saurin yanke hukunci. Ni a nan nake zaune ina aikin jinya, kuma abin da ba za ka gane ba sai ka zauna da tsofaffinsu shi ne yadda maganar gudun hijira take a jininsu. Yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya, wani miliyan ya bar ƙasar, a 1914 akwai tsofaffin da suka ga wannan da idonsu suna yara. Kusan ba gidan da ba shi da ɗa ko ƴa a Amurka ko Ingila. Matar da ɗanta yake Boston yana cin arzikin baƙunta, in aka ce mata ga wata mata da goyo an ƙone mata gida, ba sai Redmond ya yi mata lacca ba kafin ta ba da bargo.

Yaya Markus:
Anti ta faɗi gaskiya, kuma bari in ƙara ta fuskar coci don nan ne na fi sani, mu da muka yi makarantar mishan a hannun fada-fada ƴan Ailan mun ji sunan Louvain tun muna yara. Lokacin da Ingila ta matsa wa Katolika a Ailan, ba damar horar da limaman coci a gida, sai dai su tsallaka Turai. A 1607 ƴan ɗariƙar Faransiskan na Ailan suka buɗe kwalejinsu a Louvain, can aka riƙa buga littattafai da harshensu na gado, daga can aka turo Mícheál Ó Cléirigh ya zagaya Ailan yana kwafe tsofaffin rubuce-rubucen tarihinsu don kar su ɓace. Wato garin da ya ba malamansu mafaka shekara ɗari uku baya shi ne aka wayi gari aka ce an ƙone. To ka ga in limami ya hau mumbari ranar Lahadi ya ce a kawo taimako don mutanen Louvain, ba baƙon suna ya kira ba, bashi ne ake ganin lokacin biyansa ya yi.

Kwamared Sani:
Yaya Markus ina girmama ka, amma bari in tambaye ka. Shekara ɗaya kafin nan, 1913, masu kamfanoni a Dablin sun kulle ma'aikata wajen 20,000 a waje wata da watanni don kawai sun shiga ƙungiyar ƙwadago, yara na kwana da yunwa. Rahoton gidaje na 1914 ya nuna iyalai sama da 20,000 a birnin kowanne a ɗaki ɗaya yake rayuwa, uwa da uba da yara har da kaka, a Church Street ma gidaje biyu suka rufta suka kashe mutum 7. Ina waɗannan manyan matan masu kwamiti suke a lokacin? Ina gidajen da babu kowa a ciki da aka fito da makullansu a 1914? Ashe akwai gidajen. Wannan ne yake ci min rai wallahi, talakan gida bai cancanci ɗaki ba sai baƙon da ya zo da amfani ga yaƙi. Shi ya sa James Connolly, jagoran ƴan ƙwadago, ya rataya ƙyalle a Liberty Hall, hedkwatar ƙungiyarsu, cewa su ba sa bauta wa Sarki ba sa bauta wa Kaiser na Jamus, sai Ailan.

Malam Habu:
Wannan hujjar taka tana da nauyi Kwamared, ba zan raina ta ba. Gaskiya ne manyan gari ne suka fi yawa a kwamitocin, matan masu filaye da lauyoyi da likitoci da limamai, kuma gaskiya ne masu neman soja sun ci moriyar sunan Beljiyam iya ci. Inda na rabu da kai shi ne kana maganar watan farko ne kawai. Maganar ɗaukar soja da sunan Beljiyam ta yi zafi ne daga Satumba 1914 zuwa cikin 1915, daga nan ta huce, bayan boren Ista na 1916 da ƴan neman ƴanci suka yi wa mulkin Ingila a Dablin kuwa ai ba mai iya tsayawa a kasuwa ya ce ku zo ku mutu don ƙananan ƙasashe ba tare da an tambaye shi ita Ailan ɗin fa ba. Amma kwamitin bai rufe ba, ya ci gaba da zama har aka mayar da mutanen gida a 1919. Littafin bayanan zamansu yana nan a ma'ajiyar jami'ar UCD da ke Dablin, sun ma sa shi a intanet. Wanda yake zaune a 1917 yana lissafin kuɗin hayar wata tsohuwa da kuɗin gawayin ɗumama mata ɗaki, ba jarida ba tafi, wace fosta yake bugawa?

Ummu Khalil (Maiduguri):
Malam Allah ya saka da alheri, wannan maganar ta watan farko ita ce maganar. Mu nan mun gani da idonmu a 2014 da mutane suka kwararo daga Bama da Gwoza da sauran garuruwa, mafi yawansu ba sansani suka je ba, gidajen mutane suka shiga. Satin farko kowa na rige-rigen kawo tuwo da zannuwa, kowa na cewa baƙonka annabinka, amma bayan shekara guda buhun masara ya ƙare, banɗaki ɗaya mutum ashirin, yaranka da nasu sun fara faɗa, a nan ake sanin wanda ya karɓa don Allah. Kuma shi ma baƙon fa yana da nasa ciwon, mutumin da yake da gonarsa da shanunsa yau sai an miƙo masa. Ina so in ji yadda su suka kwashe da wannan, don na tabbata ba a yi shekara huɗu ana murmushi ba.

Malam Habu:
Ba a yi ba kam Hajiya. Kowa ya ɗauka kafin Kirsimetin 1914 an gama yaƙi, mutane da yawa da suka yi alkawarin gida ko kuɗin mako-mako sun yi ne da tunanin wata uku, da abu ya miƙe sai gudummawa ta fara ja da baya, nauyin ya riƙa komawa kan kwamitin tsakiya da gwamnati. Ga kuma matsalar aiki. An gindaya cewa kar ɗan Beljiyam ya karɓe aikin ɗan gari ko ya karya farashin ƙwadago, a ƙasar da dama can ba aikin, sai ka ga ƙwararren kafinta ko maƙeri yana zaune hannu rabbana a wani ƙauye yana jiran abin da za a kawo. Da aka shiga ƙarancin harsashin igwa a 1915 masana'antun makamai na Ingila suka buɗe baki suna neman hannu, sai masu ƙarfi a jika suka tattara suka tsallaka can, a Birtley kusa da Newcastle har gari guda aka gina na ƴan Beljiyam zalla mai suna Elisabethville. Wasu samarin kuma sojan ƙasarsu suka koma. Shi ya sa adadinsu a Ailan ya yi ta raguwa har ya dawo ƴan ɗaruruwa, kuma akasarin waɗanda suka rage su ne masu rauni, tsofaffi da marasa lafiya da mata masu ƙananan yara.

Isufu Damagaram:
Ina gaida Malam, ina gaida manya. Ni na yi karatu a Beljik kamar yadda muke kiranta a nan Nijar, zan ƙara abu ɗaya. Mutane suna ɗauka duk ƙasar Faransanci ake yi, alhali arewacinta Filamanci suke yi wanda ɗan'uwan harshen Holan ne, kuma garuruwan da aka fi gudowa daga cikinsu ta bakin teku, Antwerp, Malines, Louvain, Ostende, duk yankin Filaman ne. A zamanin Faransanci harshen masu kuɗi ne da ƴan boko, talakan Filaman sau da yawa bai iya ba. To masu masauki sun shirya da ɗan Faransancin da suka koya a makaranta, sai ga baƙi ba sa jin ko ɗaya, ba Ingilishi ba Faransanci, sai an nemo wani limami ko malamin makaranta daga cikinsu ya yi tafinta. Ku yi tunanin mace na naƙuda ko yaro na zazzaɓi ba ta iya gaya wa likita inda ke ciwo. Ko abinci ma, mutanen da suka tashi da kofi aka kawo su ƙasar shayi. Ƙananan abubuwa ne amma su ne suke sa mutum ya ji shi baƙo ne kullum.

Ɗan Gwandu:
Ni fa duk wannan bayanin bai taɓa ni ba, ku yi haƙuri. Beljiyam fa ake magana. Ƙasar da sarkinta Leopold na Biyu ya mayar da Kwango gonarsa ta kansa daga 1885 zuwa 1908, ana yanke wa mutane hannu saboda roba, ana garkuwa da mata don mazansu su shiga daji su kawo, miliyoyi suka salwanta. Shekara shida kacal bayan nan sai Jamus ta yi musu ƴar kaɗan daga abin da suka yi mana, duniya ta ɗau kuka wai ƙaramar Beljiyam abar tausayi. Wa ya kafa wa ƴan Kwango kwamiti? Wa ya ba su gida? Ni abin da na gani shi ne fari ya ji ciwo fari ya kawo ɗauki.

Anti Bilki (Dablin):
Ƙanina ciwon da kake ji ni ma ina jinsa, amma ka zaɓi ƙasar da ba ta dace da wannan zargin ba. Wanda ya fasa ƙwan Kwango a hukumance ɗan Ailan ne, Roger Casement, shi ne ƙaramin jakadan Birtaniya a can, ya shiga cikin ƙasar a 1903 ya ga masu guntulallen hannu da idonsa ya ɗau bayanansu, rahotonsa ya fito a 1904, yana cikin abin da ya tilasta aka ƙwace Kwango daga hannun Leopold. Kafin nan ma ya yi aiki a Kalaba a nan ƙasarmu. Kuma shi ɗin dai a lokacin yaƙin, Jamus ya tafi neman makamai don Ailan ta ƴantu, Ingila ta rataye shi ranar 3 ga Agusta 1916. Ka ga maganar da kake yi yanzu an yi ta a Ailan tun a lokacin, ƴan adawa da yaƙin sun riƙa tuna wa mutane Kwango duk sanda aka ce Beljiyam. Duk da haka wasu suka ce mun ji, amma ita wannan matar da ke tsaye a tasha da yara uku ba ita ta yanke hannun kowa ba.

Ɗan Gwandu:
Anti ai kuɗin robar da shi aka gina ƙasarsu, duk sun ci.

Yaya Markus:
Ɗan Gwandu a hankali. Kuɗin ya gina fadoji da manyan gine-gine a Burasel da Ostende, wannan ba musu. Amma mai saƙar leshi a ƙauyen Filaman ko ɗan dako a tashar jirgin Antwerp da yaransa ke aiki tun suna ƙanana, nawa ya shigo aljihunsa? A lokacin ma ƙuri'ar mai kuɗi ta fi ta talaka yawa a ƙasar, mata kuwa ba su da ƙuri'a sam. In muka ce duk wanda shugabansa ya yi zalunci bai cancanci mafaka ba to mu kanmu ba inda za a karɓe mu, don ba mu da ƙarancin azzaluman shugabanni.

Ummu Khalil (Maiduguri):
Gaskiya ne Yaya. Ba a tambayar mai gudun ceton rai laifin sarkinsu.

Kwamared Sani:
To na ji, a bar Kwango a gefe na ɗan lokaci duk da ban yarda a bar ta ba. Malam ka faɗa wa mutane inda aka fara sauke su mana, don ka tsallake wannan. Gidajen gajiyayyu aka kai da yawansu, irin waɗanda aka gina bayan dokar matalauta ta 1838, inda in iyali suka shiga ake raba miji da mata da yara kowa da sashensa, a sa musu yunifom a ba su aikin fasa dutse, wurin da talakan Ailan ya gwammace ya mutu a bakin hanya da ya shiga don abin kunya ne har jikoki. Wannan ne karamcin?

Malam Habu:
Ban tsallake ba, zuwa nake. Haka ne, hukumar da ke kula da ƙananan hukumomi ita ta ɗau nauyin lamarin, kuma gine-ginen da take da iko da su masu gadaje da kicin da ke iya ɗaukar mutum ɗari a dare ɗaya su ne waɗannan gidajen, irin na Celbridge da Ardee da Dunshaughlin. Yawancin gidajen sun rage mutane sosai a 1914 idan aka kwatanta da zamanin yunwa, akwai sassan da ba kowa. Niyyar ita ce zango ne kafin a raba su gidajen da kwamitocin garuruwa suka tanada, kuma ba a ɗauke su a matsayin gajiyayyun gida ba. Amma na Dunshaughlin a gundumar Meath ya zama mazauni na dogon lokaci, wasu a can suka rasu, aka binne su a maƙabartar matalautan gidan. Wannan ni ma yana damuna, mutum ya baro gidansa da sana'arsa ya ƙare a kabarin gajiyayyu a ƙasar da bai san harshenta ba. Ba zan kira shi abin alfahari ba. Sai dai ka haɗa shi da Monaghan, inda aka gyara musu tsohon barikin soja suka zauna iyali-iyali, matansu suka shigo da gwanintarsu ta surfani da leshi har ta zama masana'antar Bel-Broid da ta ɗau matan garin aiki shekaru da yawa bayan yaƙi, unguwar har yau da sunan Beljiyam ake kiranta. Duka biyun sun faru a ƙasa ɗaya a lokaci ɗaya, ya danganta da hannun da ka faɗa.

Yaya Markus:
Akwai kuma sistocin Ypres, kar a manta da su. Gidan ibada ne na ƴan ɗariƙar Benedict da aka kafa a garin Ypres na Beljiyam tun 1665, ya zama na matan Ailan da suka bar gida saboda addini, suna koyar da ƴan mata. Da igwa ta fara ruguza garin a ƙarshen 1914 suka fito da ƙafa, har da shugabarsu tsohuwa mara lafiya, suka bi ta Ingila, a 1916 suka sauka Macmine a gundumar Wexford, Redmond da kansa ya tsaya aka buɗe musu asusun taimako. A 1920 suka koma Kylemore a yammacin ƙasar suka buɗe makarantar ƴan mata da ta yi aiki har 2010. Su dai ba su koma Beljiyam ba, suna nan har gobe.

Kwamared Sani:
Ka ga ka kawo min hujja da hannunka Yaya, Redmond ne ya buɗe asusun.

Anti Bilki (Dablin):
Kwamared shi Redmond ɗin ma ba za ka ce wasa yake da ran ƴaƴan wasu ba shi nasa na gida. Ƙaninsa Willie ya haura shekara 50 ya sa kaki, aka kashe shi a Messines a ƙasar Beljiyam ɗin a Yunin 1917 yana da shekara 56. Tom Kettle kuma, malamin jami'a ne tsohon ɗan majalisa, yana Beljiyam ne yana sayo wa ƴan sa-kai na Ailan bindigogi yaƙin ya ritsa da shi, abin da ya gani ne ya sa ya shiga soja, ya mutu a fagen daga na Somme a Faransa a 1916. Kana iya cewa sun yi kuskuren lissafi, ni ma ina ganin Ingila ta yaudare su kan maganar mulkin kai, amma sun yarda da abin da suke faɗa. Kuma kisan farar hular ba ƙarya ba ne, an daɗe ana cewa farfaganda ce kawai, sai da masana tarihi biyu na jami'ar Trinity a nan Dablin, John Horne da Alan Kramer, suka bi takardun ɓangarorin suka nuna an kashe farar hula wajen 6,500 a Beljiyam da Faransa a watannin farko. An ƙara gishiri a wasu labaran, amma gawarwakin na gaske ne.

Isufu Damagaram:
Malam to me ya sa ko a Ailan ɗin ba a cika sanin labarin ba? Abokaina ƴan Beljik sun san Holan da Ingila, ban taɓa jin wanda ya ambaci Ailan ba.

Malam Habu:
Dalili biyu nake gani. Na farko sun tafi kusan gaba ɗaya, farkon 1919 aka kwashe ragowar a jirgin ruwa daga Dablin zuwa Antwerp, gwamnatinsu na son mutanenta su dawo a sake gina ƙasa, ƴan kaɗan ne suka yi aure ko suka kafa sana'a suka zauna. Na biyu kuma shi ne babba, ƙasar da suka bari ba ita ce ta karɓe su ba. A zaɓen Disamba 1918 jam'iyyar Sinn Féin mai neman cikakken ƴanci ta ci kujeru 73, jam'iyyar Redmond ta ruguje, a Janairun 1919 aka fara yaƙin ƙwatar ƴanci, 1922 aka kafa sabuwar ƙasa. Tarihin da sabuwar ƙasar ta zaɓi koya wa yaranta na boren 1916 ne, duk abin da ya shafi taya Ingila yaƙi sai aka yi shiru da shi, hatta ƴan Ailan sama da 200,000 da suka sa kaki ba a son maganarsu balle wanda ya ba ɗan Beljiyam ɗaki. Sai a 1998 aka buɗe dandalin tunawa da sojojin a Messines, shugabar Ailan Mary McAleese da Sarauniyar Ingila da Sarkin Beljiyam suka tsaya tare, daga nan ne masu tarihin garuruwa suka fara tono irin waɗannan labaran.

Kwamared Sani:
To ga gwaji ɗaya da zai raba gardama. In tausayi ne zalla ya kamata mu gan shi kowane lokaci. A shekarun Hitler Yahudawa nawa Ailan mai ƴancin kanta ta buɗe wa ƙofa? Ƙalilan ƙwarai. A 1956 ta karɓi ƴan Hungary wajen 500 da murna saboda Katolika ne masu gudun kwaminisanci, ta zuba su a tsohon sansanin soja na Knockalisheen, ba aiki ba tafiya, har suka yi yajin cin abinci a 1957, akasarinsu suka wuce Kanada. Daga 2022 ta karɓi ƴan Yukiren sama da 100,000, su da izinin aiki tun ranar farko, ɗan Afirka mai neman mafaka kuma yana tsarin da aka kafa tun 2000 yana jira shekara da shekaru a hostal. Anti kina can, ki ce ƙarya nake.

Anti Bilki (Dablin):
Ba ƙarya kake ba, na san mutanen da suka daɗe a wannan jiran kuma na ga abin da yake yi wa lafiyar kwakwalwarsu, ga tarzomar da aka yi a Dablin a Nuwamba 2023 da ta sa da yawanmu muka kwana cikin fargaba. Gwamnati tana zaɓen wanda za ta tausaya wa, jiya da yau, kuma addini da launin fata da siyasa suna ciki dumu-dumu. Amma ni abin da na ƙi shi ne ka ɗauki laifin gwamnati ka shafa wa malamar makarantar ƙauye da ta zauna da yamma tana koya wa yaran Filaman Ingilishi kyauta, ko manomin da ya riƙa aiko da madara da dankali. Irinsu na nan har yanzu, su ne suke zuwa ƙofar hostal ɗin da kake magana da kayan sanyi, su ne suke raka mutum ofishin lauya. Na yi aiki da su, ba labari aka ba ni ba.

Ɗan Gwandu:
Anti na ji bayanin Casement kuma zan neme shi in karanta. Amma har yanzu ina nan kan bakana cewa an yi wa wahalar Bature kuka fiye da tamu. A yaƙin nan dai Beljiyam ta kwashi sojoji da ƴan dako daga Kwango ta kai su Kamaru da Tanganyika har suka ci Tabora a 1916, ƴan dako da yawa suka mutu a hanya da yunwa da cuta, ba wanda ya tara musu ko sisi a coci.

Kwamared Sani:
Shi ke nan abin da nake so a tattauna a gaba. Kuma kakanninmu ma suna ciki, rundunar Nijeriya ta yi yaƙi a Garwa da dutsen Mora har zuwa Fabrairun 1916. Admin a sa mana wannan a layi don Allah, Malam Habu ya buɗe, Isufu ya kawo ɓangaren Faransa.

Admin:
An karɓa Kwamared. Asabar bayan isha'i in Allah ya kai mu. Malam Habu in da hali a turo taswirar Kamaru ta lokacin Jamus tun ranar Juma'a don mutane su duba kafin a fara.